Baba Madu Mai Buɗe Kwano

Duk wanda ya taɓa kai hula wanki a Kazaure cikin shekara arba'in ɗin nan, da wuya a ce bai tsaya a gaban rumfar Baba Madu ba. Rumfar langa-langa ce a bakin layinmu, an jera kututturan katako a gabanta sun fi talatin, kowanne da hula a kansa tana shan rana. Shi kuma yana daga ciki zaune a kan buhu, gajere, kakkaura, da buroshi a hannu, yana dirzar hula yana yi wa mai ita tsiya. Ba a kawo masa aiki a tafi salin-alin. In hular ta yi dauɗa da yawa ya ce, "Da ita ka yi sharar gona?" In ba ta yi ba ya ce, "To me ya kawo ka, ko kewata kake yi?" Amma in ya gama da ita, ya sa mata sitaci ya buge, sai ka rantse yau aka ɗinka ta.

Mahaifinsa Babarbare ne. Daga ƙasar Borno ya taso da huluna a ka, ya sauka Kazaure da niyyar kwana uku, ya yi shekara talatin da biyar, a nan aka binne shi. Madu a nan aka yanke masa cibiya, Barbarcinsa bai wuce na gaisuwa da na faɗa ba, shi ma na faɗan sai ransa ya ɓaci ƙwarai. Bai yi boko ba, ya yi allo daidai gwargwado, ya gaji rumfar yana ɗan shekara ashirin da biyar. Da wankin hula ya auro Hajja Kaka daga Babura, da shi ya gina ɗaki huɗu, da shi ya yi wa 'ya'ya biyar hidima har suka kama gabansu. Mazan suna Kano da Kaduna. Autarsu Zulaikha tana koyarwa a wata firamare a Roni, ita ce mai leƙo su duk ƙarshen mako.

Ni ne Halliru, malamin makaranta mai ritaya, katangarmu ɗaya da shi. Ina da saurin fushi, ina da saurin baki, ga shi ina ganin na fi kowa sani a layin saboda ba na rabuwa da rediyo. Na faɗi wannan tun yanzu ne don kada a ɗora wa wani laifina in labarin ya zo inda zai zo.

Abin da ya ɗaure mu da Baba Madu ya wuce maƙwabtaka, ciyayya ce. Mu shida ne magidanta a layin. In an idar da sallar magariba kowa ya shiga gida ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, a jera kwanuka, a ci na wannan a ci na wancan har a cinye. Mun fi shekara talatin a haka. Muna kuma da doka guda da ba a rubuta ba: ba mai sa hannu a kwano sai babbanmu ya buɗe shi, ya yi bisimilla, ya ɗauki lomar farko. Tun rasuwar dattijon da ya kafa zaman, shekara goma sha takwas ke nan, wannan aiki ya faɗo kan Baba Madu.

Shi kuwa bai ɗauke shi wasa ba. Zai ɗaga murfi a hankali, ya shaƙi tururin, ya kai loma, ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci. Wannan miya ta ji daddawa. Wannan tuwo an yi masa gaggawa, a gaya wa mai shi ba tsere ake ba. Mu kuma mu kwashi hukuncin mu kai cikin gida tare da kwanon, don matanmu kafin su tambayi ko mun ƙoshi sai sun tambayi me Baba ya ce. Mutum ne da bai taɓa riƙe ko mai-unguwa ba, bai taɓa zama a ofis ba, amma a kan wannan tabarma shi ne alƙali. Na san yana ji da abin, ko da bai taɓa faɗa ba.

A cikinmu wanda suka fi shaƙuwa shi ne Lauwali, Bafulatani manomi mai 'yan shanu a bayan dutse. Kun san Fulani da Barebari, ba sa haɗuwa su rabu ba su taɓa juna ba. Shekara talatin ban ji Madu ya kira shi da sunansa ba, sai "Bafillacen nan", shi kuma ya mayar masa da "Babarbare". Matar Lauwali, Shatu, ita ce gwanar dambu. Duk Laraba take yi, na tsakin masara, ta cika shi da zogale da rama da dakakkiyar gyaɗa, ta kwarara masa mai. Ranar Laraba Baba Madu ko abincin rana ba ya ci sosai.

Abin da babu wanda ya sani a cikinmu shi ne, mutumin nan ya shekara goma sha biyar yana fama da ƙaba, wato gwaiwa. Ciwo ne da maza ba sa son a ambata, sai ya riƙa ɗaure ta da tsohon rawani yana ci gaba da ɗaukar bokitan ruwa. Wata safiyar Alhamis, a daminar bara waccan, ya sunkuya zai ɗaga bahon wanki, hanjin ya sauko ya maƙale ya ƙi komawa. Aka kwashe shi a adaidaita zuwa asibiti, daga nan aka tura su Kano. Aka yanke masa kusan taƙi guda na hanjin da ya riga ya mutu, aka haɗe sauran. Ya tashi, sai dai wurin haɗin ya warke a tsuke. Mu dai abin da aka gaya mana shi ne an yi masa aikin ciki, kuma Allah ya ba da sa'a.

Sai daga baya Zulaikha ta ba ni labarin abin da likita ya ce ranar da za a sallame su, don ita ce ta rubuta a takarda.

"Baba," in ji likitan, "hanjinka yanzu yana da wani wuri matsattse. Ruwa zai wuce, abinci mai laushi zai wuce. Amma abinci mai harza, wato mai dusa, ko ɓawo, ko 'ya'ya, ko ganye mai zare-zare, ciki ba ya narkar da shi duka. Ga mai lafiya alheri ne, shi ke sa bayan gida ya yi sauƙi. Gare ka kuwa, in ya taru a wurin nan toshewa zai yi."

Ya lissafa masa. Ban da dambu, ban da wake, zogale, rama, kuka, kuɓewa, gyaɗa, gasasshiyar masara, aya, dabino, goruba, da duk tuwon da ba a surfe hatsinsa an tankaɗe sosai ba. Abin da ya bar masa shi ne tuwon shinkafa mai laushi, taliya, farin burodi, ƙwai, kifi, naman da ya dahu luguf, kindirmo, tataccen koko, nunanniyar ayaba, sai dankali da kabewa in an fere an dafa sun narke. Ya ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, ya tauna sosai, ya riƙa shan ruwa.

Baba Madu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Likita, ka tattara abincin da ya raine ni kaf ka ce in bari, ka ba ni na jarirai da na ma'aikatan banki."

"Haka ne, Baba. Amma da shi za ka rayu."

A mota kan hanyar dawowa ya kafa wa matarsa da 'yarsa sharaɗi, ya ce bai yarda kowa ya ji ba. In aka ji dokar abinci za a tambayi dalili, in aka tambayi dalili za a kai ga ƙaba da zancen bayan gida, a bakin mutanen da yake wa alƙalanci. Wannan shi ne abin da ya faɗa. Abin da bai faɗa ba, wanda Hajja Kaka ta gane da kanta, shi ne tsoron kada mu tausaya masa mu ce ya huta, wani ya riƙa buɗe kwano.

Hajja Kaka ta koma koyon girki tana da shekara sittin da 'yan kai. Matar da aka sani da burabusko mai tsaki-tsaki, yanzu ita ce ke tace koko sau biyu a ƙyalle, ta ɓare fatar tumatir ta matse 'ya'yan, ta tace miya a rariya, ta zauna ta zare ƙayar kifin dam ɗin garinmu ɗaya bayan ɗaya. Kwanon gidansu ya koma fari fat kullum, tuwon shinkafa da miya sumul babu ganye ko ɗaya. Har muka fara gulma a bayan ido cewa 'ya'yan Madu na Kano sun fara aiko da abin arziki, Hajja kuma tana so a sani.

Mu kuma ga yadda namu alherin ya kasance. Da ya dawo tabarma bayan wata biyu muka ga yadda ya rame, wuya ya fito, hula tana masa yawa. Ni na tara sauran na ce musu mutumin nan jini yake buƙata, kowa ya gaya wa iyalinsa a ƙara zogale. Har da kafa hujja, na ce a rediyo na ji likita da bakinsa yana cewa a yawaita ganye da wake saboda lafiyar ciki. Ban yi ƙarya ba, na ji. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne ko cikin kowa da kowa ake nufi. Daga ranar kwanon gidana ya zama wake, na Sama'ilu direba ya zama kwaɗon zogale, Shatu kuma ta ninka ganyen dambunta. Kullum sai mun tura masa gabansa muna cewa, "Ƙara, Baba, magani ne."

Ya ci. Mako biyu yana ɗaukar lomar farko daga kwanukanmu biyar, ƙanana, ya daɗe yana taunawa, ya shiga gida ciki ya ɗaure, ya kumbura, ya yi ta ƙugi. Hajja Kaka ta yi kuka ta ce ko ya faɗa mana ko ita ta faɗa. Sai ya samo dabara, ya sa leda a aljihun rigarsa na gefe. Gindin darbejiya bayan magariba akwai duhu-duhu. Zai ɗauki loma, ya kai hannu baki, ya juya kamar zai yi tari, lomar ta sauka a leda. Hukunci kuwa da hanci yake yanke shi, kuma bai taɓa kuskurewa ba. Sai an zo kan kwanon gidansa sannan ya ci na gaske. Wata uku yana wannan ba wanda ya lura.

Ni na lura, wata Laraba da aka kawo wuta ba zato, ƙwan fitilar ƙofar gidan ya haska daidai lokacin da hannunsa ke shiga aljihu da dambun Shatu. A wurinmu, mutum ya ɓoye lomar gidanka ya ƙi haɗiyewa, fassararsa ɗaya ce, yana zargin an zuba masa wani abu. Na tuna kuma ranar Alhamis ya faɗi, washegarin dambu. Na haɗa wannan da wancan, na ga na gano abin da ya gagari kowa. Da na yi haƙuri na sa ido washegari, da na ga waken gidana ma a ledar yake ƙarewa. Ban yi ba. Kwana biyu maganar tana cina, ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci na ja Lauwali gefe na amayar masa.

Bai yi faɗa ba. Ya tsaya ya kalli ƙasa, ya ce, "Shekara talatin, Malam." Can kuma ya ce, "To, madalla," ya wuce. Da magariba ba shi ba kwanonsa, washegari ma haka. Kwanuka suka koma biyar, zaman ya yi sanyi, ba mai tsokanar wani.

Ranar Laraba ta biyu da wannan, bayan la'asar, ina wucewa ta gaban rumfa Baba Madu ya kira ni.

"Malam, wai ina Bafillacen nan ya shiga? Na leƙa gida an ce yana gona, na bi gona an ce yana gida."

Dama raina a ɓace yake da shi. Na ce, "Baba, da girmanka kai za ka tambaya? Mutum ya kawo maka abinci shekara da shekaru, ka rasa inda za ka sa shi sai aljihu? In zarginsu kake, ka fito fili ka faɗa."

Ya dube ni har sai da na kawar da kai. Ya ajiye buroshin a bakin baho, ya ɗauraye hannu, ya goge a riga. Ya miƙe ya nufi gidan Lauwali, ni kuma na bi shi a baya ina jin kaina wani mai faɗar gaskiya.

Muka tarar da Lauwali a zaure yana tufkar igiyar shanu. Baba Madu ya yi sallama, ya zauna a ƙasa bai jira tabarma ba.

"Yau Laraba," ya ce. "Ka ce wa Shatu ta zubo min."

"Ba sai ka wahalar da aljihunka ba, Baba Madu." Ranar na fara jin Lauwali ya kira shi da suna.

"Na ce ka ce ta zubo."

Aka kawo kwano cike, kore shar da ganye, gyaɗa a sama. Ya yi bisimilla ya fara, shi kaɗai, loma bayan loma, ko taunawar kirki ba ya tsayawa yi, idonsa a kan Lauwali. Ya cinye, ya suɗe kwanon da yatsa, ya sha ruwa, ya ce, "Ka gaya mata hannunta yana nan yadda na san shi." Lauwali ya yi wata dariya mai kama da kuka, ya ce, "Babarbare acici." Muka fito mu uku tare zuwa masallaci. Wallahi a ranar har alfahari na yi, ina cewa bakina ya yi sulhu.

Mutumin nan ya san abin da ke cikin kwanon, ya san abin da zai yi masa, yana sane ya ci. Har yau in na tuna yadda na zauna ina kallo ina murmushi, sai in ji haushin kaina.

Da gari ya waye ba a buɗe rumfa ba. Kafin hantsi adaidaita ta tsaya a ƙofar gida, aka fito da shi a rirriƙe, ciki ya kumbura kamar tulu, yana ta amai kore. Kano aka sake wucewa da shi.

Ni da Lauwali muka bi su washegari. Hajja Kaka muka fara tararwa a gindin wata bishiya a harabar asibitin, ita da Zulaikha. Matar nan duk zamanmu gaisuwa kawai ke haɗa mu, daga bayan ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Ranar ba ta bari mun gama gaisuwa ba.

"Zulai, ba Malam takardar nan. Shi mai ilimi ne, ya karanta da ƙarfi Malam Lauwali ya ji."

Na karɓa na fara karantawa. Dambu. Wake. Zogale. Rama. Gyaɗa. Ban kai rabi ba na dakata, don sai ka ce wani ne ya zauna a tabarmarmu ya rubuta abin da ke cikin kwanukan da muka yi wata huɗu muna tura masa.

"Wata uku ina zazzage leda daga aljihunsa," in ji Hajja Kaka. "Da wakenka a ciki, Malam Halliru, da zogalen gidan Sama'ilu, da na kowa. Kajina har sun yi ƙiba. Ya hana ni faɗa, na bi maganarsa, ga inda ta kai mu. Ku kuma duk yawanku an rasa mutum ɗaya da zai ce, Baba, lafiya kuwa? Sai zargi?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na cancanci fiye da haka. Lauwali ya tsuguna a wurin ya rufe fuska da hularsa.

Kwana shida Baba Madu ya yi da roba a hanci tana zuƙo abin da ya taru, ba ci ba sha sai ƙarin ruwa, likitoci suna jiran ko hanyar za ta buɗe da kanta ko sai an koma ga wuƙa. A rana ta shida ta buɗe. Likitan ya gaya masa a gabanmu, ba ɓoye-ɓoye, cewa in aka sake irin wannan to aiki za a yi, kuma a shekarunsa ba ya ba da tabbacin komai.

Da likita ya fita Lauwali ya matso bakin gado.

"Kai yanzu, Babarbare, ka gwammace ka mutu da ka ce min cikinka ba ya so?"

"Kai kuma ka gwammace ka ƙaurace min da ka tambaye ni," in ji Baba Madu, murya a dishe. "Da ni da kai duk tsofaffin banza ne." Sannan ya juyo gare ni. "Shi kuwa Malam, don Allah a ƙwace rediyon nan."

Suka yi dariya su biyu. Ni ban iya ba.

Bayan mako biyu da dawowarsa ya ce zai fito tabarma. Ni ɗin dai, da yake ban daddara ba, na sake tara mutane. Na kwafe takardar likita sau biyar na raba gida-gida. Da magariba aka jera kwano shida. Ya buɗe na farko, tuwon shinkafa da tatacciyar miya. Na biyu, farar taliya da ƙwai. Na uku, tuwon shinkafa. Haka har aka zo kan na Lauwali, shinkafa ce ta dahu ta caɓe, an zuba mata kindirmo. Muka zuba masa ido muna jiran godiya.

Ya mayar da murfin ƙarshe da ƙarfi, ya yi wata magana da Barbarci wadda ba wanda ya nemi fassararta.

"Ni ne mara lafiya ko ku? Kun mayar min da ƙofar gida ɗakin jinya. Shinkafa tana tsadar nan za ku tilasta wa iyalanku ita saboda ni? Manomi ya wuni a gona ya dawo ya ci wannan? Gobe kowa ya kawo abin da gidansa ya saba." Ya gyara zaman hularsa. Abin da ya biyo baya da ƙyar ya fito. "Ni ba zan iya ci ba. Ga shi na faɗa. In kun ga ya dace wani ya karɓi buɗewa, ku ba shi, ba zan ji haushi ba."

Zai ji, duk mun sani. Sama'ilu ne ya cece mu, ya ce, "Baba, hancinka ai ba a yi masa aiki ba." Aka tsaya a kan haka. Shi zai buɗe, ya shaƙa, ya yanke hukunci, ya yi bisimilla, amma lomar farko mai kwanon ne zai ɗauka. Shi kuma ya ci na gidansa.

Abin ya tafi daidai har ranar Laraba. Lauwali ya iso a ƙarshe, ya ajiye kwanonsa can bakin tabarma, nesa da kowa. Baba Madu ya ce a miƙo masa. Ya ɗaga murfi, tururin ya bugi fuskarsa, ƙamshin ya cika gindin bishiyar. Ya lumshe ido ya daɗe. Ya ce Shatu ta soya albasar fiye da kullum, kuma ta kyauta. Ya yi bisimilla. Sai kawai muka ga hannunsa ya tafi cikin kwanon, ba da niyya ba, sabo ne ya ja shi.

Lauwali ya cafke wuyan hannun.

A garinmu ba a riƙe hannun mutum a kan abinci, ko na baƙon da ba a san daga inda ya fito ba, balle na dattijo, balle a ƙofar gidansa. Na ga yatsun Baba Madu a buɗe a saman dambun.

"Sake ni, Bafillace."

"Ba zan saka ba."

"Ɗanɗanawa kawai zan yi."

"Na ce ba zan saka ba." Lauwali ya dube mu, idonsa jawur. "Ku me kuke jira? Ku ci, ku cinye shi da sauri."

Muka sa hannu mu huɗu muka yi ta ci, ba mai kallon wani. Lauwali bai kai ko loma ɗaya ba, don da hannun dama yake riƙe da shi, kuma bai sake shi ba sai da ya ga gindin kwanon.